Jakadiyar Muhalli Ta Bayan Inji

Ranar da Malam Abdulmumini ya kashe wa matarsa wutar sana'a, da hular kamfani a kansa ya shigo gida. Koriyar hula ce mai baki, irin ta samari 'yan ƙwallo, an zana farar balbela a goshinta. Ya haɗa ta da doguwar riga da furfurar gemu, ya yi sallama da wata sabuwar murya wadda Asibi ba ta san shi da ita ba.

Asibi tana tsugune gaban rabin duron da take turara shinkafa, tana gyara itace. Sana'arta ke nan tun kafin a kawo ta gidan. Ta sayo shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, ta jiƙa, ta turara, ta shanya a tsakar gida, a kai ƙaramin inji a cashe, ranar kasuwar Tudun Wada a fitar. Daga gindin duron nan miyar gidan take fitowa, domin albashin malamin firamare ba ya ganin tsakiyar wata.

"Asibi, kashe wutar nan."

"Sannu da zuwa, Malam. Ai ba ta turaru ba tukuna."

"Na ce ki kashe. Ashe ku ne kuke kashe mana duniya ba mu sani ba."

"Mu wa?"

"Ke da ire-irenki. Yau aka yi mana bita a makaranta. Hayaƙin murhun mata shi ne ya huda sararin samaniya, shi ya sa ake wannan zafin."

Asibi ta ɗaga kai ta nemi hujin. Ba ta gan shi ba, don sararin ma ba ya ganuwa. Hayaƙin kamfanin Balbela ya riga ya sauko, kamar yadda ya saba kowace la'asar.

Kamfanin casar shinkafa ne, katangarsa ɗaya da makarantar da Malam yake koyarwa. A bayansa ake jibge buntu, tuli guda da ya fi hasumiyar masallacin unguwa tsawo, kuma tun ran da wuta ta kama tulin nan ba ta mutu ba. Wutar buntu ba ta da harshe, daga ciki take ci a hankali, sai dai hayaƙi mai ɗaci da yake jiran iska ta juyo. In ta juyo, wanki ya yi baƙi a kan igiya, tuwo ya yi warin ƙauri, awaki su yi ta tari kamar tsofaffi. Har sunan unguwar na asali ya ɓace, kowa Bayan Inji yake cewa.

A shekarar ne kamfanin ya tuna yana da maƙwabta. Ya aiko wani matashi mai santsin baki da ƙamshin turare, Oga Ukasha, jami'in hulɗa da jama'a. Aka shafe ajujuwa da koren fenti, aka raba littattafai masu sheƙi, aka kafa Ƙungiyar Abokan Muhalli, aka naɗa Malam Abdulmumini uban ƙungiya. A cikin littafin akwai hoton wata mata tana hura murhu, an ja mata jan layi a fuska. A ɗaya shafin ga hoton kamfani, tsuntsaye suna shawagi a kansa. Rabon da tsuntsu ya gifta ta kan Bayan Inji kuwa, sai dai a tambayi dattawa.

Wannan la'asar Malam da hannunsa ya kwara wa murhun bokitin ruwa. Shinkafar ta kwana a duro, rabi ɗanya rabi dafaffiya, ta yi tsami. Asibi ta haɗiye abin da ya taso mata, don ba shinkafar ce babbar damuwarta ba. Damuwarta tana zaune a bakin ƙofar ɗaki da littafin kamfani a cinya, tana tari.

Rufaida ke nan, 'yarsu, 'yar aji biyar. Yarinya ce mai kai, abin da ta ji sau ɗaya ta riƙe shi, ga murya kamar ta mai karanta labarai a rediyo. Saboda haka aka zaɓe ta Jakadiyar Muhalli, ita za ta yi jawabi a gaban manyan baƙi ranar bikin da kamfani zai shirya. Tun ɗaukewar ruwa tari ya kama ta. Da fari irin na kowa ne a unguwar, daga baya ya zama wani abu dabam, ƙirjinta ya riƙa yin fito in ta ja numfashi.

"Kin ji ko?" in ji Malam. "Kin ji abin da murhunki ya jawo mata? Yanzu da aka kashe shi za ki ga sauƙi."

Washegari ya shigo da murhun zamani, kyautar kamfani ga uban ƙungiya. Ɗan gwangwani ne kore, tukunyar mutum uku ma da ƙyar take zama a kansa, kuma ba ya cin itace ko gawayin kasuwa, sai wani curarren gawayin buntu da ake sayarwa a ƙofar kamfanin. Asibi ta juya shi ta sake juyawa, ta ce a ranta, lallai mutanen nan ko kashinsu ba sa bari ya tafi a banza.

Sauƙi bai zo ba. Sai Malam ya shiga bincike, kuma a gaskiya ba a taɓa yin mai bincike mai ƙwazo irinsa ba, don babu abin da bai gano ba a gidan nan in ban da abin da yake shigowa ta saman katanga. Ya fara da turaren wuta, aka zubar da kaskon. Ya koma kan maganin sauro mai hayaƙi, aka bar wa sauro gida. Ya ce suyar albasa da attaruhu ce, aka koma cin miya kamar ta marasa lafiya. Ya tsaya ya ƙura wa kaji ido, ya ce gashinsu ne, aka kai su kasuwa. Akuyar Asibi, wadda ita ma tarin take yi, ya ce ita ta shafa wa yarinya, aka ja ta tana waiwaye. Da gida ya zama fayau, ba abin da ya rage sai mutum uku da randa, ya ce ruwan randar ne ya cika sanyi.

Mazan unguwa sun so su haɗu su je su yi wa kamfani magana. Kafin su tsayar da rana 'ya'yansu suka dawo daga makaranta suna rera musu darasi: ɗan ƙasa nagari ba ya nuna wani da yatsa, ɗan ƙasa nagari daga gidansu yake fara gyara. Ranar Juma'a kuma aka ga mai unguwa ya fito da koriyar hula a aljihun rigarsa, bakinta ya leƙo. Maganar ta mutu a nan.

Rufaida ta rame, idanunta suka fito. Ba ta iya kwanciya sosai, sai a jingine da bango, an tara mata matasai. In ta taka daga ɗaki zuwa bakin zaure sai ta tsaya ta dafa gwiwa. Asibi ta jiƙa mata duk abin da aka ce a jiƙa, ta shafa mata duk abin da aka ce a shafa, ta karɓo ruwan magani a kemis. Tsoro ya shige ta sosai, irin tsoron da yake hana uwa cin abinci. Wata safiya bayan Malam ya karya, ta durƙusa a gefen tabarmarsa.

"Malam, alfarma nake nema. Ka bar ni in kai yarinyar nan Doguwa wajen Inna, ko na ɗan lokaci ne. Can iska tana da kyau."

"Doguwa? Gidan da ake hura murhu uku a lokaci guda? Ki ɗauke ta daga gidan da aka tsaftace ki kai ta cikin hayaƙi?"

"Malam, a gindin murhun nan uku aka haife ni, ƙirjina bai taɓa yin fito ba."

"To ai ba ki sani ba ne. Jahilci ne ya kare ki." Ya kurɓi shayi. "Kuma ma wa zai yi jawabin? Manyan mutane za su zo daga Kano. A bari a yi biki tukuna."

"In ta kai bikin."

"Kul! Bakinki ya sari ɗanyen kashi. Ni na ma gane abin da yake damunta. Baki ne. Yara nawa ne a makarantar nan, ita kaɗai aka zaɓa? An sa mata ido."

Aka karɓo rubutu, Rufaida ta sha da bisimilla, iska ta juyo da la'asar kamar kullum.

Kada a ce Malam Abdulmumini ba ya son 'yarsa. Yana sonta, har ya fi son a ce 'yarsa ce. Abin da ya same shi shi ne, ya tsufa yana cin ƙurar alli babu wanda ya taɓa ce masa sannu, sai ga yaro mai mota yana rusuna masa yana ce masa Shugaba, ana ajiye masa kujera mai hannu da ruwan roba mai sanyi. An kuma raɗa masa cewa in biki ya yi kyau akwai zuwa taro Abuja. Mutumin da iyakarsa Kwanar Dangora, in an matsa Kano. Tun daga ranar hancinsa ya daina jin ƙauri.

Kullum bayan la'asar yake fito da ita tsakar gida a yi gwajin jawabi, daidai lokacin da hayaƙi yake sauka. Ya tsaya a gabanta da ɗan tsinke a hannu kamar mai koyar da fareti.

"Ɗaga kai. Fara."

"Ni Rufaida Abdulmumini, Jakadiyar Muhalli, ina kira ga iyayenmu mata da su ji tsoron Allah su daina..." Tari ya sarƙe ta. Ta dafa bango, kafaɗunta suna hawa suna sauka.

Asibi da take leƙe daga ƙofar ɗaki ta ga fuskar Malam ta canza. Ya saki tsinken, ya kai hannu bayan yarinyar yana shafawa, bakinsa yana motsi da addu'a. Ta ce a ranta, alhamdu lillahi, yau dai ya gani. Sai ya gyara zaman hularsa.

"Na gano dabara. Jimlolin ne suka yi miki tsawo. Za mu yanyanka su. Ki ce, Ni Rufaida, ki tsaya. Jakadiyar Muhalli, ki tsaya. In kin ji tarin ya taso, ki haɗiye shi ki yi murmushi, za a ɗauka salon magana ne. Manyan masu jawabi haka suke yi."

Asibi ta fito ba ta ko gyara ɗankwali ba.

"Malam, don girman Allah ɗaga kanka ka dubi abin da yake saman gidan nan."

"Na gani."

"Mene ne?"

"Tururi ne. Oga Ukasha ya yi mana bayani da allon majigi. Ba hayaƙi ba ne, tururi ne, har amfani yake wa shuka."

"Ni da na tsufa a gindin duro ban san tururi ba? Tururi ne yake baƙanta wanki?"

"Asibi, a gaban yarinya kike jayayya da ni? Kina so ki rushe mata tarbiyya?"

Rufaida ta dubi uwarta da jajayen idanu, ta ce a hankali, "Umma, tururi ne. Yana cikin littafi."

Wannan ta fi komai yi wa Asibi ciwo. Ta koma ɗaki ta zauna a bakin gado, ta rasa ma da wa za ta yi fushi.

Ranar biki ta zo, aka yi shi a cikin harabar kamfani. Tun da sassafe motar ruwa take feshin tulin buntu, aka kuma kafa dogayen ƙarafa aka rataya wani makeken ƙyalle ya rufe tulin ruf. A jikin ƙyallen hoton Rufaida ne, an ɗauka tun tana da kumatu, tana murmushi da koriyar hula a kan hijabi, haƙorinta ɗaya ya kai girman faranti. Aka kafa rumfuna, aka jera kujeru. Manyan baƙi a gaba, malamai a bayansu, yara a rana, iyaye mata kuma can ƙarshe kusa da inda aka ajiye babura, don dai a samu waɗanda za a yi wa wa'azi.

An tsara a gama kafin azahar, amma babban baƙo bai iso ba sai da rana ta karkata. Aka yi addu'a, aka yi taken ƙasa, aka yi taken kamfani wanda ya fi na ƙasar tsawo. Oga Ukasha ya yi bayanin irin son da Balbela take yi wa yaran karkara har muryarsa tana rawa. Yana cikin haka ƙyallen ya kumbura, ya lafa, ya sake kumbura. Iska ta juyo.

Buntun da aka jiƙa da safe ya sha rana, ya huce haushinsa gaba ɗaya. Hayaƙi ya taso ta bayan hoton, ta saman kan Rufaida mai murmushi, fari da kauri, ya kwanto kan rumfuna. Baƙi suka fara laluben hankici. Oga Ukasha, da yake ba a banza ake biyansa ba, ya ɗaga hannu, nan da nan aka fito da takunkumi kore mai hoton balbela aka raba wa manyan baƙi da malamai. Yara ba a ba su ba, saboda za su yi waƙa kuma ana so a ji baitocin.

"Yanzu kuma," in ji mai gabatarwa ta cikin takunkuminsa, "ga Jakadiyarmu!"

Asibi ta miƙe tsaye a can baya. Ta ga 'yarta tana hawa dandamali tana dafa ƙarfe, rigar kamfani ta yi mata yawa. Malam yana gefenta, ya miƙa mata abin magana, ya gyara mata shi daidai bakinta. Lasifika ta fara kamo fiton ƙirjin tun kafin ta kamo muryar, har wani baƙo ya waiga yana neman inda ƙarar take fitowa.

"Ni Rufaida." Ta tsaya. "Jakadiyar Muhalli." Ta tsaya, ta yi murmushi kamar yadda aka koya mata. Aka tafa. "Ina kira. Ga iyayenmu mata." Ta sake yin murmushi, wannan karon ya daɗe. Bakinta a buɗe yake, amma ba abin da yake shiga, ba abin da yake fita. Abin maganar ya suɓuce ya bugi katako, ita ma ta bi shi.

Asibi ba ta san lokacin da ta ratsa kujerun manya ba. Takalminta ɗaya ya tsaya a ƙarƙashin kujerar wani mai babbar riga, ta ture teburin ruwan roba, ta haye dandamali ta sungumi 'yarta. Leɓunan yarinyar sun yi duhu. Ta saɓa ta a kafaɗa ta yi bakin ƙofa tana ƙwala wa 'yan acaɓa kira.

Oga Ukasha ya dubi babban baƙo, ya dubi mai ɗaukar hoto, sannan ya dubi Malam Abdulmumini. Malam ya bi bayan matarsa da kallo, ƙafarsa ɗaya har ta sauka daga dandamali. Sai ya mayar da ita. Ya sunkuya ya ɗauki abin magana, ya kakkaɓe shi, ya ja takunkuminsa ƙasa.

Asibi tana kan babur, ta rungume yarinya tsakaninta da direba, ta jiyo muryar mijinta ta cika unguwa ta lasifika: "...ga iyayenmu mata, da su ji tsoron Allah su daina gurɓata mana iska da hayaƙin murhu!" Tafin da aka yi masa ya raka su har bakin titi.

A asibiti aka kifa wa Rufaida abin numfashi a fuska, aka yi mata allurai. Asibi ta tsaya a kanta da takalmi ɗaya, tana kallon ƙirjin yana fama, tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta, har da ta shiga kasuwa. Sai bayan magariba numfashin ya fara daidaita. A lokacin ne Malam ya iso, yana haki, da wani ƙaton kofi mai ruwan zinariya, kyautar kamfani ga Jakadiya, a hammata.

"Yaya jikin nata? Wallahi ana gamawa na taho, ko abincin ban tsaya ci ba."

Likitar, wata mata mai gilashi da gajiya a fuska, ta tambaye shi ko shi ne uban. Ta ce huhun yarinyar ya sha wuya, kuma in aka mayar da ita cikin abin da ya jawo wannan, ba ta da tabbacin za a kawo ta a kan lokaci karo na gaba.

"Akwai hayaƙi a inda kuke zaune?"

Asibi ta buɗe baki, Malam ya riga ta.

"Likita, kin taɓo inda yake mini ciwo. Babu irin faɗan da ban yi wa uwarta ba a kan murhu. Shekara da shekaru tana turara shinkafa a tsakar gida, yarinya tana shaƙa. Sai da na tsaya tsayin daka aka daina, to ashe ya riga ya yi mata illa."

Likitar ta dubi Asibi ta saman gilashi, ta rubuta abin da za ta rubuta, aka kira ta wani gadon ta wuce. Asibi ta ji kamar ta ɗauki kofin nan ta gwada ƙarfinsa a kan koriyar hula. Abin da ya hana ta, ɗan yatsan da ya taɓa hannunta ne. Rufaida ta buɗe ido, tana so ta yi magana. Asibi ta sunkuya ta ɗan ɗaga abin numfashin.

"Umma."

"Na'am, uwata. Kada ki wahalar da kanki."

"Umma, in na mutu, kada ki damu. Na yafe miki. Ai ba ki sani ba ne."

Asibi ta mayar mata da abin numfashin a hankali, ta gyara mata igiyarsa a bayan kunne. Ta fita baranda ta zauna a ƙasa ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ko ranar da mahaifinta ya rasu. Sun kashe mata murhu ta haƙura, sun raba ta da kaji da akuya ta haƙura. Ashe duk wannan somin-taɓi ne. Sun shiga kan 'yarta sun zauna, sun koya mata cewa hannun da yake ba ta abinci shi ne yake shaƙe ta, har yarinya tana kan gadon asibiti tana yi wa uwarta afuwa. Tulin buntu kuwa yana can yana cin wutarsa, ba wanda ya ce ya nemi gafarar kowa.

Ranar da aka sallame su, Malam ya tare mai adaidaita ya ce Bayan Inji. Asibi ta ce tasha. Ya ɗauka bai ji daidai ba, har sai da ya gan ta ta tura Rufaida cikin motar Doguwa, ta zaunar da ita a bakin taga, ta ɗora mata ledar magunguna a cinya.

"Asibi, me ke nan? Da izinin wa?"

Ta juyo ta ɗan rusuna, a gaban direba da kwandasta da masu tallan rake.

"Malam, izininka nake nema yanzu, ga shaidu. In ka ba ni, na gode, Allah ya saka da alheri. In ba ka ba ni ba, zunubin a wuyana, na ɗauka. Amma yarinyar nan ba za ta sake kwana a Bayan Inji ba."

"Ki rufa mini asiri, mutane suna kallo." Ya rage murya. "Jibi masu ɗaukar hoto za su dawo daga Kano, za a ɗauke ta tana karɓar kofi. Oga Ukasha ya ce in ba ita, maganar Abuja ta lalace. Me zan ce musu?"

"Ai kuna da hotonta, ga shi can ya rufe muku buntu. Ku miƙa masa kofin. Shi ba ya tari."

Wata tsohuwa a kujerar baya ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan," alhali ba ta san kan zancen ba. Kwandasta ya buga jikin mota ya ce, "Malam, tafiya za ka yi ko rakiya? Saura mutum ɗaya." Malam ya dubi kujerar da ta rage, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya ce yana da aji. Ya sayi lemo ya miƙa ta taga, ya dafa kan 'yarsa, idonsa ya kawo ruwa, ya ce mata ta riƙa maimaita jawabin kada ta manta.

Mota ta ɗauki hanya. Rufaida ta jingina da kafaɗar uwarta har suka bar gari, gonaki suka ƙare, titi ya shiga dajin Falgore. Iska mai sanyi da ƙamshin ganye ta riƙa shigowa ta taga. Yarinyar ta ɗago, ta ƙura wa itatuwa ido, manya-manya, sun yi layi har iya ganinta. Ba ta taɓa wucewa ta nan da wayonta ba.

"Umma, duk waɗannan itatuwan da suke ta wucewa, da na kusa da na can nesa a gindin dutse, su ma kamfanin Balbela ne ya shuka mana su don mu samu iska mai kyau?"

Fasinjoji suka kwashe da dariya. Asibi ba ta yi dariya ba. Wannan tambayar za ta ɗauki lokaci kafin a wanke ta daga kan yarinya, kuma ta san ba ranar da za a fara ba ce yau. Abin da ta ji dabam ne. Doguwar magana ce, ta fito tun daga farko har ƙarshe a numfashi ɗaya, ba tsayawa, ba murmushin dole. Ta kai kunnenta kusa da ƙirjin 'yarta ta saurara, sannan ta ce wa na bakin ƙofa don Allah ya ƙara sauke gilashin.